Wusasa da majami'arta ta ƙasa

Mutumin Dutsi ko Daura da ya saba shiga soron hakimi, in aka kai shi tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, ba zai ji baƙunta ba in ya ɗaga kai. Bakan gizon da ya sani shi zai gani, da katanga mai kauri wadda ke hana zafin bazara shigowa.

Wusasa ƙauye ne a gindin dutse, yamma da birnin Zariya, kuma labarinsa ya faro ne daga wani wuri. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya ja ayari daga Legas zuwa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller. Shi dai bai haƙura ba: a 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Zamansa da fada bai yi daɗi ba, musamman zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, su ma Turawan mulki ba su so mishan a tsakiyar birnin Musulmi. Daga ƙarshe a 1929 aka tashi mishan ɗin zuwa Wusasa, bayan ganuwa, a hannun ɗan mishan Guy Bullen.

Ginin majami'ar ne abin kallo. Maimakon a kwaikwayo cocin Ingila, sai aka kira maginan ƙasar. Aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, aka mulmula tubali, aka jera shi gindi ƙasa, tsini sama. Wurin rufi kuwa azara ake sakawa cikin bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, har hannun dama da na hagu su haɗu a sama, sannan a yaɓe. Wannan dabarar ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya kusan shekara ɗari kafin nan. A ganina wanda ya yanke shawarar kiran maginan ƙasar ya fi da yawa daga maginan zamani hankali, waɗanda ke rufa wa jama'a kwano su bar su da gumi. Sai dai ginin ƙasa ɗan lele ne, duk damina sai an duba indararo an sabunta yaɓe.

Masu ibadar farko Hausawa ne da Fulani, cikinsu har da jikokin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19. Da Hausa suke addu'a, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya daɗe yana aikin fassararsa. Kusa da majami'ar aka kafa asibitin St. Luke da makaranta. Daga wannan ƙaramar al'umma Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, da Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa ya yi aikin wa'azi a nan.