Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Game Boy da Masu Sharhin da Suka Raina Ta

A ƙarshen shekarar 1997, editoci huɗu na mujallar Electronic Gaming Monthly, ɗaya daga cikin manyan mujallun wasannin bidiyo a Amurka, suka zauna ba wa na'urorin wasa maki kamar yadda suka saba kowace shekara. Da aka zo kan Game Boy, uku daga cikinsu suka ba ta 7.5 da 7.0 da 8.0 cikin goma. Na huɗun ya ba ta 2.0. Hujjarsa ita ce fuskar na'urar ba ta da launi, kuma da abu ya motsa sai hoton ya dusashe. Sauran ukun sun yaba mata ne saboda daɗewar batir, da yawan wasanninta masu kyau, da ƙanƙantar sabon samfurin da ake kira Game Boy Pocket. Tazarar maki shida tsakanin abokan aiki da ke ofishi ɗaya ba ƙaramin saɓani ba ne, kuma shekara takwas ke nan ana wannan gardama ba a rabe ba.

Nintendo ya fitar da Game Boy a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, a kan yen 12,500, ta isa Amurka a ƙarshen Yuli na shekarar a kan kusan dala 90. Ko da ma'aunin wancan zamanin, ba ta da abin burgewa. Fuskarta ɗigo 160 ne a kwance da 144 a tsaye, inuwa huɗu kacal take nunawa, dukkansu tsakanin kore da toka, kuma babu fitila a bayanta. Mai son yin wasa da dare sai ya nemi gindin kwan lantarki. Ana ba da labarin cewa a cikin kamfanin ma wasu ma'aikata sun yi mata laƙabi da kalmar Japananci "dame", wadda ke nufin abin da ba zai kai labari ba.

Wanda ya jagoranci ƙera ta, Gunpei Yokoi, ya san abin da yake yi. Ya shiga Nintendo a 1965 a matsayin mai kula da injinan buga kati, a lokacin da kamfanin bai san wasan bidiyo ba, kuma shi ne ya ƙirƙiro ƙananan na'urorin Game & Watch a 1980. Aƙidarsa ita ce a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa, ta yi arha, injiniyoyi suka san halinta ciki da bai, a yi mata sabon amfani. Fuska mai launi a 1989 tana buƙatar fitila, fitila kuma tana shan batir. Yokoi ya zaɓi batir, ya bar launi.

Abokan hamayyarsa suka zaɓi launi. Atari Lynx ta fito a 1989 da fuska mai launi da haske, a kan kusan dala 180. Game Gear ta kamfanin Sega ta biyo baya a Japan a Oktoba 1990, ta shiga Amurka a 1991 a kan kusan dala 150. Sega bai ɓoye raininsa ba: a wani tallansa na talabijin ya nuna kare, yana cewa sai wanda ba ya bambance launi kuma ba shi da basira ne zai ga na'urorin biyu daidai suke. A shafin mujalla kuwa, maganar Sega ce ke da ƙarfi. Mujallar wasanni da hoto take sayar da kanta, kuma idan aka jera hoton Sonic mai shuɗi da ja kusa da wani abu kore-kore mai kama da fuskar kalkuleta, mai karatu ya gama yanke hukunci kafin ya karanta layi ɗaya.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne lissafin aljihu. Game Gear batir shida take ci, ta cinye su cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy huɗu take ci, su kai ta awa goma sha biyar ko fiye. Yaron da zai yi wasan awa talatin a wata yana buƙatar batir takwas idan Game Boy ce a hannunsa. Idan Game Gear ce, tsakanin 36 da 60. Mai sharhi yana gwada wasa ne a kan tebur a ofis, soket na kusa, wasan kuma yawanci kamfani ne ya aiko masa. Uban da ke sayen batir ba ya rubutu a mujalla, amma shi ne ke biyan kuɗin na'urar. Duk wanda ya taɓa zama a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan. A ƙarshe Game Gear ta sayar da kimanin miliyan goma da 'yan kai, Lynx ba ta ko kusanci haka ba, Game Boy da magajiyarta Game Boy Color kuwa suka haura miliyan 118.

Ba batir kaɗai ya yi wannan aiki ba. Akwai Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya rubuta a tsakiyar shekarun 1980 a wata cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Mosko. A Fabrairu 1989 wani ɗan kasuwa, Henk Rogers, ya je Mosko ya tattauna da Elorg, hukumar gwamnati mai kula da cinikin manhaja da ƙasashen waje, ya samo haƙƙin sa wasan a na'urar hannu. Shi ne kuma ya shawo kan Minoru Arakawa, shugaban Nintendo a Amurka a lokacin, cewa idan aka haɗa Game Boy da Mario yara maza za su saya, idan aka haɗa ta da Tetris kowa zai saya. Haka aka yi, kuma kwafin Tetris na Game Boy ya kai kimanin miliyan 35. Shi Pajitnov bai fara cin moriyar wasansa yadda ya kamata ba sai a 1996. Arha-arhar na'urorin nan na Brick Game, masu iƙirarin ɗauke da wasanni 9999, waɗanda suka cika kasuwannin Najeriya a shekarun 1990, kwaikwayon wannan wasa ne.

Masu sharhi sun yaba Tetris, wannan ba a musu. Amma ya tona wani rauni a ma'auninsu. A wancan zamani, mujallu irin su GamePro da Nintendo Power suna raba maki ne gida-gida: kyan hoto, sauti, sauƙin sarrafawa, daɗin wasa. An gina wannan ma'auni ne don wasannin da ake jonawa da talabijin, inda mutum zai zauna awa biyu bai tashi ba. Babu gidan da ke tambayar ko za a iya yin wasan cikin minti bakwai a tashar jirgin ƙasa, a kashe, a dawo gobe ba a yi asarar komai ba. Alhali wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga abin da ake sawa a aljihu. Akwai kuma batun 'yanci: Nintendo Power, wadda ta fara fita a 1988, mallakar Nintendo ce a lokacin, don haka yabonta ga wasannin Game Boy shaidar ɗan gida ce.

Sai dai adalci ya wajaba a nan, domin suka da yawa ta faɗa a kan gaɓa. Kamfanoni sun riƙa matse manyan wasanni suna cusa su cikin Game Boy don a ci kasuwa da sunansu. Mortal Kombat na 1993 misali ne: wasan dambe mai buƙatar sauri da maɓallai da yawa, aka kawo shi kan na'ura mai maɓallin wasa biyu da fuska mai jan ƙafa. Masu sharhin da suka ce kada a saya sun tsare wa yara kuɗinsu. Ko Super Mario Land, wanda ya fito tare da na'urar ya kuma sayar da fiye da miliyan 18, an soke shi da gajarta, kuma matakai goma sha biyu ne kawai a cikinsa. Murya ta fara sauyawa a 1993 da fitowar The Legend of Zelda: Link's Awakening, wanda wasu ma'aikatan Nintendo suka fara a matsayin gwaji bayan an tashi aiki. Ya nuna cewa ƙaramar fuska tana iya ɗaukar labari mai nauyi idan tun farko don ita aka tsara shi.

Babban abin da ya kuɓuce wa masu lura da kasuwa ya zo ne a 1996, lokacin da ake ganin Game Boy ta gama yayi, hankali ya koma kan PlayStation da wasanni masu siffa uku. A ranar 27 ga Fabrairu aka fitar da Pokémon Red da Green a Japan ba tare da wani gagarumin shagali ba. Abin lura shi ne wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, daga rubutun wasanni ya fito. Game Freak, sunan kamfaninsa, asalinsa wata ƙaramar mujalla ce da ya fara haɗawa da hannunsa a farkon shekarun 1980. Abin da ya gani a Game Boy, wanda tsoffin abokan sana'arsa ba su ba shi muhimmanci ba, shi ne wayar da ke haɗa na'ura biyu. Wasu sun ɗauke ta kayan fafatawa kawai. Shi ya hango yara suna musayar halittu ta cikinta, kamar yadda ya riƙa tara ƙwari yana yaro. An raba wasan gida biyu, kowanne da halittun da babu a ɗayan, ta yadda ba mai cike tarinsa sai ya nemi aboki.

Irin wannan daɗi ba ya bayyana ga mutum ɗaya da ke gwaji shi kaɗai yana sauri ya miƙa rubutu. A filin makaranta yake bayyana. Wani mai tsara manhajar, Shigeki Morimoto, ya ɓoye halitta ta 151 mai suna Mew a cikin wasan, jita-jitarta ta bazu tsakanin yara, sai mujallar yara ta CoroCoro ta sa gasar da za a ba mutum ashirin ita. Kimanin 78,000 suka shiga. Daga nan ciniki ya riƙa hawa wata bayan wata, saɓanin al'adar kasuwar, inda wasa ke sayuwa a makonnin farko sannan ya kwanta. Wasan ya isa Amurka a Satumba 1998, watanni kaɗan bayan wancan maki 2.0, ya ƙara wa tsohuwar na'urar shekaru.

Yokoi bai ga wannan ba. Virtual Boy, na'urar da ya jagoranta a 1995, ta sha suka kan jan hotonta da ciwon kai da take sa wa wasu, kuma a wannan karon masu sharhi da masu saye bakinsu ɗaya: ba ta kai miliyan ɗaya ba. Ya bar Nintendo a 1996, ya rasu a haɗarin mota a Oktoba 1997. Na'urar hannu ta ƙarshe da ya sa hannu a kanta, WonderSwan ta kamfanin Bandai, ta fito a 1999 ba launi, da batir ɗaya tak.

Ƙorafin duhun fuska, wanda aka yi shekaru ana maimaitawa, bai tafi a banza ba. Game Boy Advance ta fito a 2001 da launi amma ba fitila, masu sharhi kuma suka yi ca a kan Castlevania: Circle of the Moon, wasa mai kyau wanda duhun zanensa ya sa da ƙyar ake ganin abin da ke faruwa. A 2003 Nintendo ya fitar da samfurin SP mai fitila da batir da ake caji. Fasahar ta yi arha, ta tsufa daidai yadda Yokoi yake so kafin a taɓa ta.

Aka sake buga wasan a 2004. Sony ya kawo PSP mai faffaɗar fuska da hoto kusa da na PlayStation 2, Nintendo ya kawo DS mai fuska biyu da ɗan tsinken taɓawa, wadda da yawa suka ɗauka dabarar jan hankali ce kawai. DS ta sayar da kimanin miliyan 154, PSP kimanin miliyan 80. Amma a wannan zagayen wasu masu sharhin sun riga kasuwa. Mujallar Famitsu ta Japan, wadda mutum huɗu ke ba kowane wasa maki goma-goma, ba ta taɓa ba da 40 cikin 40 ba sai a 1998, ga The Legend of Zelda: Ocarina of Time, kuma 'yan ƙalilan da suka samu bayansa duk manyan wasannin talabijin ne. A 2005 ta ba wasan na'urar hannu wannan maki a karon farko. Wasan shi ne Nintendogs na DS, inda mai wasa ke kiran ɗan kwikwiyo da murya, ya shafa shi da tsinke, ya yi masa wanka, ya fita yawo da shi na 'yan mintuna a rana.