Furen Schweinitz da Yadda Ya Koma Zaman Bakin Titi

A jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka akwai wani furen rana na daji da ba ya fitowa ko'ina a duniya sai can. Masana tsirrai John Torrey da Asa Gray ne suka raɗa masa suna a 1842, Helianthus schweinitzii, don tunawa da Lewis David von Schweinitz, limamin coci da ya zauna a garin Salem, wanda ya yi fice wajen nazarin naman kaza, ya rasu a 1834.

A da, yankin da birnin Charlotte yake a yau yana da filayen ciyawa masu bishiyoyi jefi-jefi. Wuta ce ke riƙe da su haka: wadda tsawa ke tayarwa, da wadda 'yan asalin ƙasar ke cinnawa. Da Turawa suka zo suka yi gonaki, aka kuma shiga kashe gobarar daji, sai kurmi ya rufe abin da garma ta bari. Wannan fure kuwa ba ya jure inuwa. Ya tsira ne a bakin titi da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, inda ake sare itatuwa a kai a kai. Can ɗin ma injin yankan ciyawa da maganin feshi na cinye shi, har gwamnatin tarayya ta sa shi cikin tsirran da ke dab da ƙarewa a 1991.

Gane shi sai da natsuwa. Danginsa na da yawa ƙwarai, har shuwaka da latas a ciki suke, kuma daga Satumba, lokacin da yake fure, bakin hanya cike yake da furanni rawaya masu kama da shi. A ganina wanda ya tsaya kallon furen kaɗai zai sha wahala. Ganyen za a taɓa: samansa da kaushi, ƙasansa kuwa lulluɓe da farin gashi mai laushi. Karan yakan yi ja mai duhu, ya wuce tsayin mutum, kan furen ƙarami. Saiwarsa na kumbura kamar ƙananan dankali, da ita yake sake tohowa bayan wuta ko sanyi, amma tono ta don a tabbatar ɓarna ce ga tsiron da ya yi ƙaranci haka.

Masu kula da filayen da aka keɓe masa yanzu sun koma cinna wuta da gangan, suna kuma neman ma'aikatan hanya su jinkirta yankan ciyawa har irin ya nuna.