Hanyoyin da Jama'a Za Su Sa Baki a Gyaran Manufofin Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi: Misalin Unguwar Shahuci

Shahuci unguwa ce a cikin birnin Kano, a Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, kusa da Kasuwar Rimi da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Kasancewarta mahaɗar kasuwa da asibiti da tashar mota ya sa duk abin da ya shafi shaye-shaye a cikin gari yakan taɓa mazaunanta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, a Jihar Kano kuwa kashi 16 ne. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Kafin mu kai koke, ya kamata mu san wa ke da ikon me. Tsarin Mulki na 1999 ya sanya magunguna da guba cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa da Doka ta 48 ta 1989, ita ke kamu da gurfanarwa. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da ingancin magani. Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna kuma ke ba kemis lasisi. Abin da ke hannun jiha shi ne asibitoci, makarantu, cibiyoyin gyaran hali irin ta Ƙiru, da Hukumar Hisbah da aka yi wa doka a 2003. Saboda haka mai son a sauya hukunci sai ya nufi sanatansa ko ɗan majalisar wakilansa, mai son ƙarin gadaje a asibitin gwamnatin jiha kuwa Majalisar Dokokin Jiha ce ƙofarsa.

Batun hukuncin nan shi ne ya fi buƙatar muryar iyaye. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da laifin mallaka ko shan ƙwayoyi irin su hodar iblis. A ganinmu akwai tazara mai yawa tsakanin dila da ke tara dukiya da yaron da ya kamu ya kasa bari, wanda magani ya fi buƙata fiye da kurkuku. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safara a cikin ƙudurin gyaran dokar, abin da ya jawo muhawara sosai. Kwamitocin majalisa sukan yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan irin wannan ƙuduri, kuma kowace ƙungiya, ko ta unguwa ce, tana iya miƙa takardar ra'ayinta. Takardar da ta ambaci sashen da ake so a gyara, da dalili, da sa hannun mutanen da aka sani, ta fi doguwar wasiƙar kuka tasiri.

Mun ga yadda matsin jama'a ke aiki a batun kodin. Bayan koke-koken iyaye da malamai da ƙungiyoyin mata, Majalisar Dattawa ta yi taron kwana biyu a Kano a watan Disambar 2017 a kan shaye-shaye. Da BBC ta fitar da rahoton bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018, wanda aka ɗauki wani sashensa a Kano, sai Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a ranar 1 ga Mayu. Sai dai haramcin bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba. Wasunsu sun koma tiramol da makamantansa. Wannan ne ya sa duk mai neman a hana wani abu ya kamata ya haɗa da neman wurin jinya.

A matakin unguwa, hanya mafi kusa ita ce ta mai unguwa, wanda ke kai magana gaba har ga hakimi da Masarauta. Kwamitin unguwa da ya haɗa limami, shugabannin makarantun Islamiyya, iyaye mata, masu kemis da matasa zai iya gayyatar jami'an NDLEA su yi bayani ƙarƙashin shirin wayar da kai na WADA da aka ƙaddamar a 2021. Ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, lokaci ne da hukumomi ke buɗe kunne. Masu kemis suna da nasu nauyin na musamman tun bayan da aka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro a 2024, domin sayen kaya daga inda aka amince shi ke toshe ɓarauniyar hanya.

Har ila yau akwai sa ido a kan kuɗi. Zaman jin ra'ayi a kan kasafin kuɗin jiha dama ce ta tambayar nawa aka ware wa jinya da gyaran hali, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon neman bayani a rubuce daga hukumomin tarayya.

Abu guda da muke jan kunne a kansa shi ne ɗaukar doka a hannu. Gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Daura a 2019 sun nuna abin da ke faruwa idan iyaye suka rasa wurin kai 'ya'yansu. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi haƙƙin majinyaci, kuma kwamitin unguwa yana iya tambayar Ma'aikatar Lafiya jerin cibiyoyin da ke da rajista kafin a kai kowa.