Ƙaramar Jiha, Babbar Tazara: Lissafin da Ya Ba Obama Tuta a 2008

A ranar 5 ga Fabrairun 2008, wadda Amurkawa ke kira Babbar Talata, jihohi sama da 20 suka gudanar da zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat. Hillary Clinton ta lashe Kalifoniya da Niyok da Niyu Jazi, jihohi masu ɗimbin jama'a. Wanda ya dubi sakamakon a daren nan zai zaci tuta ta kusa shiga hannunta. Amma da aka kammala ƙirga wakilai, sai ga Barack Obama ya ɗan ɗara ta.

Asirin yana cikin dokar rabo. A tsarin zaɓen fidda gwani ta hanyar daliget a Najeriya, daliget shi ne mai yanke hukunci a wurin taro, don haka shi ake zawarci. A Amurka kuwa, yawancin wakilai ƙuri'ar jama'a ce ke ɗaure su ga ɗan takara tun kafin babban taron jam'iyya. Dimokurat na raba su ne gwargwadon kason da kowa ya samu, muddin ya kai kashi 15 cikin 100. Ke nan tazarar da aka bayar ta fi sunan jihar da aka ci muhimmanci.

Jihohi biyu sun isa misali. A Niyu Jazi mutane fiye da miliyan ɗaya suka jefa ƙuri'a, Clinton ta yi nasara da kusan maki 10, ta samu wakilai 59, Obama ya samu 48: ribarta 11. A Aidaho, inda mahalarta ba su fi dubu ashirin da 'yan kai ba, Obama ya kwashi kusan kashi 80, ya ɗauki wakilai 15 cikin 18: ribarsa 12. Ƙaramar jihar ta shafe nasarar babbar.

Irin wannan tazara tana biyo yanayin al'ummar da ke zaune a wuri. Obama ya dogara ga baƙaƙen fata da matasa da Turawa masu ilimin jami'a. Clinton kuma ƙarfinta na wajen mata masu shekaru, da Turawa ma'aikata waɗanda ba su yi jami'a ba, da 'yan asalin Latin Amurka. A Karolaina ta Kudu, ranar 26 ga Janairu, fiye da rabin masu zaɓen baƙaƙen fata ne, kuma kusan takwas cikin goma daga cikinsu Obama suka zaɓa. Ya samu kashi 55, ya ninka Clinton.

Akwai kuma jihohin da ke yin kokas, wato taron da 'yan jam'iyya ke haɗuwa a makaranta ko zaure su shafe sa'o'i kafin a ƙirga su. Wannan tsari yana yi wa ɗalibai da 'yan a-mutu daɗi, yana kuma wahalar da tsofaffi da masu aikin dare. Jagoran yaƙin neman zaɓen Obama, David Plouffe, ya girke ma'aikata a irin waɗannan jihohi, yayin da ɓangaren Clinton ya karkata ga manyan jihohi. Bayan Babbar Talata, Obama ya ci zaɓe 11 a jere, ya ba ta ratar wakilai fiye da 100.

Daga nan dokar rabo ta zama katanga. Clinton ta ci Ohayo da zaɓen ƙuri'a na Teksas a ranar 4 ga Maris, amma Obama ya lashe kokas ɗin Teksas, ya fita daga jihar da wakilai fiye da nata. Ta ci Fensilbaniya a Afrilu, ribar ba ta wuce wakilai 12 ba. Ta yi masa fintinkau da maki 41 a Bajiniya ta Yamma, amma wakilan da aka raba a can 28 ne kacal. Tana ta cin jihohi, giɓin na nan daram. A jam'iyyar Rifablikan kuwa, inda jihohi da dama ke miƙa wa wanda ya zo na ɗaya dukkan wakilansu, John McCain ya riga ya kammala tun 4 ga Maris.

Fatan da ya rage mata shi ne jiga-jigan jam'iyya kusan 800, gwamnoni da 'yan majalisa da shugabanni, waɗanda a lokacin suke da 'yancin zaɓar wanda suka ga dama. Sai dai kifar da ɗan takarar da jama'a suka fifita abu ne da zai iya raba jam'iyyar. Tun a ƙarshen Fabrairu ɗan majalisa John Lewis, jigon gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, ya janye goyon bayansa daga Clinton ya koma wajen Obama, wasu suka bi sahu. A ranar 3 ga Yuni Obama ya haye adadin wakilai 2,118 da ake buƙata, Clinton kuma ta janye ranar 7 ga watan.

Shekara takwas bayan haka, Clinton ta bi hanyar da aka kayar da ita. A 2016 ta samu kusan kashi 73 a Karolaina ta Kudu, ta tara tazara daga baƙaƙen fatan jihohin kudu, har Bernie Sanders ya kasa kamo ta duk da jihohin da ya riƙa ci daga baya.