Gansakuka: Tarihin Rarrabe Ta a Ƙasashen Sanyi

A bakin mutumin Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, gansakuka ita ce duk wani kore mai santsi da damshi ya haifar: na saman kududdufi, da na gindin randa da bakin rijiya, da wanda ke kama katanga idan marka ta zauna a watan Agusta. Masana tsirrai ba su ɗauke su abu ɗaya ba. Ta cikin ruwa zuriyarta daban. Wadda ake magana a nan ita ce ta tudu, mai ɗan kara da ƙananan ganye, ba fure, ba 'ya'ya, ba saiwa ta gaskiya. An san nau'o'inta kusan 12,000, kuma babu inda ta lulluɓe ƙasa kamar dazuzzuka da fadamun Suwidin, Norwe, Finlan, Rasha da Kanada.

Littattafai sun saɓa a kan shekarar da ilimin rarrabe ta ya fara. Wasu na cewa 1741, wasu 1753, wasu 1801.

Masu cewa 1741 suna nufin littafin Historia Muscorum na Dillenius, Bajamushen da ya koyar a Oxford. Zane-zanensa na da kyau ƙwarai, sai dai ya yi irin abin da Bahaushe ya yi: ya zuba gansakukar tudu da ta ruwa da ɓawon nan mai furfura na jikin duwatsu duk a ƙwarya ɗaya. Har yau ruɗanin bai gushe ba. Abin da Turawa ke kira gansakukar barewar ƙanƙara, wato Cladonia rangiferina, ba gansakuka ba ce. Haɗin fumfuna ne da ƙwayoyin koren ruwa.

Masu cewa 1753 kuwa Linnaeus suke bi, ɗan Suwidin wanda ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna biyu a wannan shekarar. A 1732, yana ɗan shekara 25, ya ratsa ƙasar Laplan, ya ga matan Sami suna shimfiɗa wa jarirai gansakukar fadama, Sphagnum, saboda tana shan ruwa kusan ninki 20 na nauyinta. Ya rubuta hakan a Flora Lapponica a 1737. Amma ya yi kuskure babba: ɗan ƙoƙon da ke kan tsinke a saman tsiron ya ɗauke shi gaɓar namiji.

Wanda ya warware wannan shi ne Johann Hedwig, likita a Leipzig, haifaffen 1730. Bayan ya gama da marasa lafiya sai ya zauna gaban madubin ƙara girma, yana fiɗar tsiron da bai kai farce ba, yana zana abin da ya gani da hannunsa. A 1782 ya nuna ainihin gaɓoɓin namiji da na mace da ke ɓoye tsakanin ganye, ya tabbatar cewa ƙoƙon nan gidan iri ne, mai kama da ƙura, wanda iska ke watsawa. Ya kuma lura da abin da ya zama makullin fannin: idan murfin ƙoƙon ya faɗi, akwai zoben haƙora a bakinsa, masu buɗewa da rufewa gwargwadon damshin iska, kuma yawansu ba ya fita daga 4, 8, 16, 32 ko 64. Da yawan haƙoran nan da siffarsu ya raba dangi da dangi. Ya rasu a 1799, almajirinsa Schwägrichen ya fitar da Species Muscorum Frondosorum a 1801. Taron masana tsirrai na Brussels a 1910 ya tsayar da wannan littafi a matsayin mafarin sunayen gansakuka. Sphagnum kaɗai ake ƙirga wa daga 1753. Shekarar 1801 ita ce abin dogaro, domin daga nan ne suna ya fara rataya a kan alamar da kowa zai iya dubawa ya gani.

Daga baya aiki ya yi ta faɗaɗa. Bruch da Schimper da Gümbel sun wallafa Bryologia Europaea tsakanin 1836 da 1855. Brotherus na Helsinki ya tsara gansakukar duniya baki ɗaya, ya kuma rubuta ta Fenoskandiya, wato yankin Suwidin da Norwe da Finlan, a 1923. Elsa Nyholm ta Suwidin ta fara nata littafin mai zane a 1954. Binciken ƙwayoyin gado ya sauya wa dangi da yawa mazauni daga shekarun 1990. A 2013 Catherine La Farge ta ba da rahoton gansakukar da ta sake tsirowa bayan kimanin shekara 400 a ƙarƙashin ƙanƙarar tsibirin Ellesmere.

A ƙasar Hausa labarin gajere ne. Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya haɗu da Hutchinson sun rubuta Flora of West Tropical Africa daga 1927 zuwa 1936, amma gansakuka ba ta ciki. Nazarinta a Nijeriya ya fi ƙarfi a jami'o'in Ibadan da Ife, inda ruwa ke da yawa. A bakin kogin Gagare da Bunsuru tsiron ɗan damina ne: ya fito da marka, ya zuba iri, ya bushe kafin hunturu. Mai son gane shi sai ya zo a Agusta ko Satumba, ya ɗebo shi da ƙoƙonsa, ya busar a ambulan takarda. Ko bayan shekaru, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ganyen ya buɗe a ƙarƙashin madubi.