Almiski: Daga Cibiyar Barewa Zuwa Zoben Ruzika

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya yi karatun fiƙihu har ya kai babin tsarki a Muhtasar na Shehu Halilu, ya san an lissafa almiski da jakarsa cikin abubuwa masu tsarki, alhali kuwa daga jikin dabba yake fitowa, kuma magabata suna ganin jini ne ya taru ya daskare. Hujjar malamai a nan ita ce istihala, wato abu ya bar halinsa na farko ya koma wani abu dabam. Alƙur'ani mai girma ya ambace shi wajen siffanta abin shan mutanen Aljanna, hadisi kuma ya fifita shi a kan sauran turaruka. Amma tambayar da ta daɗe ba ta sami amsa ba ita ce, mene ne ainihin abin da ke cikinsa da har ɗan kaɗan daga cikinsa kan kama tufa ya ƙi sakinta?

Dabbar da ke ba da shi wata 'yar barewa ce marar ƙaho, mai dogayen fiƙoƙi, wadda ke zaune a duwatsun Himalaya da Tibet da Sin da Sibiriya. Namijin kaɗai ke da jakar, kusa da cibiyarsa, kuma abin da ake samu a ciki bai cika wuce giram 25 ba, don haka sai an hallaka barewa da dama kafin a tara kilo guda, wanda a wasu zamunna ya fi zinariya tsada. Mu a nan ƙasar Hausa abin da muka fi sani kusa da shi shi ne jibda, wadda har yau mutanen Habasha ke tsare dabbarta a keji suna kankaro turarenta.

A shekarar 1906 wani masanin kimiyya Bajamushe, Hainrik Walbaum, da ke aiki a kamfanin turare na Schimmel a yankin Laifzig, ya tace almiski ya fitar da wani mai kaɗan, wanda bai wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa ba, ya tabbatar cewa a cikinsa ƙamshin yake, ya sa masa suna muskon. Ya gane kuma cewa yana cikin dangin da ake kira keton, wato mahaɗan da a cikinsu zarrar kabon guda ke riƙe da zarrar oksijin da ɗauri biyu, tana zaune tsakanin 'yan'uwanta kabon biyu. A 1915 Erwin Sak ya fitar da takwaransa daga jibda, aka kira shi sibeton. An ƙidaya zarrorin, an san muskon na da kabon 16 da haidirojin 30 da oksijin guda; yadda suka jeru ne ya gagara.

A nan ne labarin ya fi daɗi a wurina. Tun 1885 babban shehin wannan fanni, Adolf fon Baya, ya kafa ƙa'ida cewa zarrorin kabon sun fi natsuwa idan sun ƙulla zobe na biyar ko shida, idan kuwa zoben ya faɗaɗa ƙwarai, to kusurwoyinsa za su takura har ya kasa tsayuwa. Kuma saboda girman mai maganar, almajirai suka karɓe ta hannu bibbiyu, har ta zama tamkar ijma'i. Sai ga Liyofol Ruzika, haifaffen Bukobar ta ƙasar Kuroshiya a 1887, yana bincike a Zurik da tallafin wani gidan turare na Janeba wanda daga baya ya zama Firmenich. Da ya sa magunguna masu tsinka ɗauri ya fasa sibeton, ya duba gutsattsarin da suka fito, sai ya ga ba su da wata fassara face ɗaya: zobe ne guda mai kabon 17. Muskon kuwa zobe ne mai kabon 15, da kabon na 16 yana rataye a gefe kamar limamin carbi. Ya bayyana wannan a 1926. Kuskuren Baya shi ne ya ɗauka zoben a shimfiɗe yake kamar faifai, alhali yana lanƙwasa yana murɗewa yadda kowace kusurwa za ta sami sararinta. Ni dai ina ganin babu abin da ya kai wannan ƙayatarwa, a ce wata barewa a kan dutse ta shekara dubbai tana ƙera abin da littattafai suka ce ba shi yiwuwa. Wannan aiki na cikin dalilan da suka sa aka ba Ruzika kyautar Nobel a 1939.

Sanin siffa daban, iya ƙerawa daban. Wahalar ita ce, idan aka ɗauki doguwar sarƙar kabon ana so kanta ya kama wutsiyarta, ta fi saurin kama wutsiyar maƙwabciyarta, sai a tashi da dunƙule marar amfani. Shi kansa Ruzika abin da yake samu ƙalilan ne. A 1933 Karl Zigla ya kawo dabara mai sauƙin fahimta, ya riƙa tsarma sinadarin cikin ruwan narkarwa mai yawan gaske, ta yadda kowace sarƙa ba ta da wanda za ta riska kusa sai kanta, kuma a shekarar da ta biyo aka haɗa muskon a ɗakin bincike. A 1947 wasu masana biyu, Firelog da Sitol, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da hanyar da ta fi yawan amfani.

Nauyin wannan zobe shi ke sa ba ya saurin tashi cikin iska, shi ya sa masu haɗa turare ke ajiye shi a ƙasa ya riƙe sauran ƙamshi, ya zauna a riga bayan furanni sun tafi. Kusan duk almiskin da ke kwalaben kasuwa yau na masana'anta ne. Barewar kuwa, ko da yake yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta taƙaita cinikin jakarta, mafarauta ba su rabu da ita ba, domin masu maganin gargajiya a Sin da Koriya har yanzu na asalin suke nema.