Gidajen Dutse na Zamanin George a Birnin Bath

Zamanin George shi ne lokacin da sarakuna huɗu masu wannan suna suka mulki Birtaniya a jere, daga 1714 zuwa 1830. Salon ginin wannan zamani ya samo tushe daga ayyukan Andrea Palladio, maginin Italiya na ƙarni na 16, wanda ya ɗora kyan gini a kan daidaito da ma'auni. Babu garin da salon ya zauna daram kamar Bath, a kudu maso yammacin Ingila.

Asalin ginin

Tun zamanin Romawa aka san Bath da maɓuɓɓugan ruwan zafi. A ƙarni na 18 masu hannu da shuni suka riƙa tururuwa garin domin wankan magani da shaƙatawa, sai buƙatar masauki ta ƙaru. Attajiri Ralph Allen ya mallaki wuraren haƙar dutse na Combe Down, inda ake samun dutsen farar ƙasa mai launin zuma da sauƙin sassaƙa. Magini John Wood Babba ya fara da dandalin Queen Square a 1728, sannan ya tsara The Circus, gidajen da suka yi zobe. Ya rasu a 1754, shekarar da aka aza harsashin The Circus, ɗansa John Wood Ƙarami ya kammala a 1768.

Ɗan ne kuma ya gina Royal Crescent daga 1767: gidaje 30 a manne da juna cikin siffar jinjirin wata, tsawon kimanin mita 150, da ginshiƙai 114. Mai kallo daga waje zai ɗauka fada ɗaya ce. Amma fuskar kaɗai Wood ya tsara. Kowane mai saye ya ɗauki magininsa ya gina bayan gidan yadda ya ga dama, shi ya sa bayan gidajen bai yi kama da juna ba.

Tsarin ciki

A wancan zamani, irin wannan gida yana da ƙunci ta gaba, amma dogo ne zuwa sama. Madafa da wurin aikin barori suna ƙarƙashin ƙasa, ɗakin cin abinci a hawan ƙasa, babban falon baƙi mai dogayen tagogi a bene na farko, ɗakunan kwana a samansa, barori kuwa su kwana a can ƙarƙashin rufi. Matsayin mutum a gidan yana bayyana daga benen da yake kwana.

Ɓarna da kariya

A watan Afrilun 1942 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa Bath ruwan bama-bamai, gidaje biyu na Royal Crescent suka ƙone. Asarar yaƙin ta sa gwamnati ta kafa rajistar gine-ginen tarihi, wadda dokar tsara birane ta 1947 ta ƙarfafa. A Ingila matakai uku ne: na I ga mafiya daraja, na II mai tauraro, da na II. Duk ginin da ya shiga rajista, ba a rushe shi ko a sauya masa kamanni sai da izinin hukuma, saɓa wa hakan kuma laifi ne. Royal Crescent ya shiga mataki na I a 1950.

Sai dai kariyar ba ta kai ga kowa ba. A shekarun 1960 da farkon 1970 an rushe layuka da dama na ƙananan gidajen masu sana'a. Littafin Adam Fergusson na 1973, The Sack of Bath, da fafutukar ƙungiyar Bath Preservation Trust, wadda aka kafa a 1934, sun taimaka wajen taka wa rusau birki. Daga nan aka gane cewa darajar manyan gidajen ba ta cika sai da unguwannin da ke kewaye da su. A 1987 hukumar UNESCO ta sanya birnin Bath gaba ɗayansa cikin wuraren tarihi na duniya.